Kofin kakar bana: na mai gudu ne ko na mai zuwa?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan kulob. Na gama haɗa makin kakar bana, takardar tana allon sanarwa. Tsere 16 muka yi, jiragen ruwa masu filafili 18 suka yi rajista. An zubar wa kowa da sakamakonsa 4 mafi muni, aka lissafa 12. Baba Ilu da jikansa a jirginsu samfurin Wayfarer su ne na ɗaya da maki 41. Sadiya ta biyu da 44, Injiniya Tukur na uku da 52, Kabiru na huɗu da 60, Nura na biyar da 68. Wanda ya ga kuskure a lissafi ya yi magana kafin Asabar, don ranar za a kai kofi a zana suna.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Barka Baba, Allah ya sanya alheri. Sannu da aiki Malam Habu.

Kabiru: Ina taya Baba murna, kuma kowa ya san girman da nake ba shi. Amma wallahi akwai abin da ya tsaya mini a rai. Nura ya fita sau 9, ya zo na ɗaya sau 7, sauran biyun na biyu ya zo. Baba bai ci tsere ko ɗaya ba duk kakar nan. Ta yaya wanda babu mai ganin bayansa a kan ruwa zai ƙare a na biyar, har ni da nake binsa a baya kullum in fi shi? Ni kaina kunyar na huɗun nan nake ji.

Injiniya Tukur: Kabiru, lissafin ba shi da kuskure, na bi shi layi-layi. Tsarin ƙaramin maki muke bi, wanda yake cikin rataye na A na littafin dokokin tsere na World Sailing, hukumar tseren jiragen filafili ta duniya. Na ɗaya maki 1, na biyu 2, haka har ƙasa, mai ƙarancin maki shi ne zakara. Wanda bai zo ba ana rubuta masa adadin jiragen da suka yi rajista a ƙara 1, wato 19 a wajenmu. Nura ya rasa tsere 7. An zubar masa da 4, saura 3. Ka ga 19 sau 3 ya ba ka 57. Abin da ya samu da hannunsa a kan ruwa 11 ne kacal. Haɗa su, 68.

Kabiru: Ai ban ce an yi kuskure ba Injiniya. Tsarin nake tuhuma. Akwai kulob da yawa da suke lissafa rabin tseren kaka da ɗoriyar ɗaya. Da haka muka yi, 9 za a ɗauka cikin 16, Nura ya tashi da maki 11, magana ta ƙare.

Nura: Yaya Kabiru na gode da ƙauna, amma don Allah kada a mai da wannan rigima ta kaina. Tun kafin a fara kaka aka liƙa sanarwar tsere, na karanta, na ga 4 za a zubar, na sa hannu. Na kuma san yanayin aikina, wata Asabar ɗin ina bakin aiki tun daren Juma'a. Kofin bana na Baba ne. Abin da zan roƙa kawai shi ne a duba maganar don baɗi, saboda ba ni kaɗai ba ne. Mu huɗu ne a kulob ɗin nan da ba mu da iko da ƙarshen makonmu. Idan mutum ya rasa fita sau 5 kafin tsakiyar kaka, ya san ya fita daga lissafi, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Biyu daga cikinmu tun tsere na 10 ba su sake sa jirgi a ruwa ba.

Baba Ilu: Nura ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ni na fi kowa sanin ka fi ni tuƙi. Ina ganin yadda kake karanta iska a fuskar ruwa tun kafin ta iso, ka juya, mu kuwa sai ta buge mu muke gane ta sauya. Amma bari in ba ku labarin abin da idona ya gani, don mun taɓa gwada abin da Kabiru yake so. Shekarar da muka zubar da rabi, kafin a kai tsere na 11 manyan matuƙa uku sun riga sun tara sakamakon da ya ishe su. Suka naɗe filafilansu suka tafi. Makonni biyar na ƙarshe jirage 4 ko 5 ne a layin tashi. Akwai Asabar ɗin da masu aiki a jirgin alƙalai da jirgin ceto suka fi masu tsere yawa. Yaran da muka koya wa tuƙi a farkon shekarar suka zo neman wanda za su bi a baya su koya, babu kowa. Shi ya sa muka koma zubar da ɗaya cikin huɗu. Kofin kaka ba don a gano wanda ya fi gudu aka yi shi ba, wannan gasar kwana biyu ta tsakiyar shekara tana nuna shi, kuma Nura ne ya ɗauka. Na kaka an yi shi ne don a sami jirage a layi kowace Asabar.

Kabiru: Baba na ji, amma in haka ne a kira shi kofin halarta mana.

Anti Bilki: Kabiru a'a. Sassauta harshe. Zuwa kaɗai ba ya ba mutum maki 41 a tsere 12. Ka raba ka gani, tsakanin na uku da na huɗu yake ƙarewa kusan kullum, ranar iska mai ƙarfi da ranar da ruwa ya kwanta kamar faranti. Ku masu jirgi samfurin Laser rana ɗaya ku yi na biyu, wata ranar ku kife sau uku ku zo na 13.

Kabiru: Na janye kalmar. Baba a yi haƙuri.

Baba Ilu: Babu komai ɗana.

Ɗanlami: Ni sabo ne, bana na fara, a yi mini uzuri. Wani ya ce mini wai lambar daidaito ce take taimakon Baba, saboda jirginsa babba ne mai nauyi. Gaskiya ne? Har yau ban gane yadda nake shiga layin ƙarshe kafin wani ba, amma in ga sunansa a samana.

Injiniya Tukur: Ɗanlami tambayarka tana da kyau. Da a ce duk jiragenmu iri ɗaya ne, wanda ya fara shiga shi ya ci. To mu kowa da irin nasa, shi ya sa muke aiki da lambobin Portsmouth, waɗanda hukumar RYA ta Birtaniya take sabuntawa duk shekara daga sakamakon da kulob-kulob suke aika mata. Jirgi mai gudu lambarsa ƙarama, marar gudu lambarsa babba. Ana ɗaukar daƙiƙoƙin da ka yi, a ninka da 1000, a raba da lambarka. Misali Laser mai cikakken filafili, wadda yanzu ake kira ILCA 7, lambarta tana wajen 1100. In ta gama a minti 44, daƙiƙa 2640 ke nan, bayan gyara ya zama 2400. Ɗauki ƙaramin jirgi irin Topper, a ce lambarsa 1365, ya gama a minti 54, daƙiƙa 3240. Bayan gyara 2374. Ka ga ya shigo minti 10 bayan Laser amma ya cinye ta.

Maganar Baba kuwa, wanda ya faɗa maka bai duba takarda ba. Lambar Wayfarer da ta Laser kusan kafaɗa da kafaɗa suke. Duk abin da Baba ya samu a kan masu Laser, a kan ruwa ya same shi.

Inda nake ganin akwai rashin adalci na gaske shi ne wajen ƙananan jirage in iska ta mutu da yamma. Masu gudu sun gama cikin iska mai kyau sun fito, yaran Topper kuwa suna can zagayen ƙarshe filafili yana lilo, agogo yana cin su. Lamba ba ta san iska ta faɗi ba. Maganinsa a riƙa yin gajerun zagaye, a tsayar da kowa kusan lokaci ɗaya, a raba lokacin kowane jirgi da yawan zagayen da ya yi. Sharaɗinsa layin tashi da na ƙarewa su zama wuri guda, don kowane zagaye ya zama daidai da ɗan'uwansa. Na kawo wannan shawara bara ba a ɗauka ba, zan sake kawo ta.

Ɗanlami: Yanzu na gane. Na gode Injiniya.

Kabiru: Tunda an buɗe littafin doka, akwai wata. Mutum nawa ne suka taɓa alamar da ake zagayewa a kan ruwa bana suka wuce kamar ba su ji ba? Doka ta 31 a fili take, ka taɓa alama ka yi juyi ɗaya da jirginka a matsayin hukunci. Ka shiga haƙƙin wani jirgi, juyi biyu. Ni na yi nawa sau uku bana, kowanne ya ci mini gurbi biyu ko uku. Amma akwai masu iskar hagu, wato waɗanda iska take zuwa musu ta hagu, da suke ratsa gaban mai iskar dama, a yi musu ihu, su ɗaga hannu kawai su ci gaba.

Malam Habu: Wannan gaskiya ne Kabiru, amma duk kakar nan takardar ƙorafi ko ɗaya ba ta zo hannuna ba. Mutane suna jin nauyin juna. A kan ruwa a yi ta faɗa, a tudu kowa ya yi shiru, sai bayan wata biyu maganar ta fito a nan. Wasan nan babu alƙali mai usur a tsakiyar fili, mu ne muke hukunta kanmu. In an yi maka laifi ka furta kalmar da doka ta ce, “furotes”, wato ƙorafi, nan take da ƙarfi. Jirgin da bai kai mita 6 ba ma ba a neman ya ɗaga jar tuta, kuma duk namu ba su kai ba. Shigar da ƙorafi ba gaba ba ce. Zama ne na minti 20 da ƙananan jiragen katako a kan tebur, kowa ya tashi ya ƙaru.

Anti Bilki: Malam Habu, tunda ka ce wanda ya ga wani abu ya yi magana kafin Asabar, akwai abin da yake cina tun jiya da na tsaya gaban allon. Tsere na 13, an rubuta wa Sadiya na 11. Ranar ce ɗana ya kife a bayan alama ta biyu. Iska ta taso gaba ɗaya, jirage uku suka kife kusan tare, jirgin ceto yana can ɗaya gefen wajen wasu. Jirgin yaron ya juye gaba ɗaya, kan jigon filafilin ya kafe a laka, igiya kuma ta naɗe masa ƙafa. Shekararsa 13. Ina tsaye a bakin ruwa ina gani, babu abin da zan iya. Sadiya tana ta uku a lokacin. Ta saki filafilinta ta juyo, ta tsaya kusa da shi tana yi masa magana har ya kwance igiyar, ba ta bar wurin ba sai da jirgin ceto ya iso. Jirage takwas suka wuce ta. Ni ban san doka ba, amma zuciyata ba ta yarda a ce wannan 11 ɗin ya zauna a takarda kamar rashin iya tuƙi ne ya jawo shi ba.

Injiniya Tukur: Innalillahi. Anti, ni ina gaba ranar, ban san haka aka yi ba. Wannan ai ita ce doka ta farko a littafin gaba ɗaya, 1.1: dole matuƙi ya ba da duk taimakon da zai iya ga wanda yake cikin haɗari. Kuma littafin ya ce wanda makinsa ya lalace saboda ya tsaya taimakon wani yana da haƙƙin a gyara masa. Bari in duba takardar.

Injiniya Tukur: Na duba. Sadiya ta rasa tsere 3, an zubar da su. Na huɗun da aka zubar mata shi ne na 12 da ta yi a tsere na 2. Saboda haka 11 ɗin nan yana cikin makinta 44. Hanyoyin gyara da rataye na A ya ba da shawara a kansu sun haɗa da a ba ta gurbin da take kafin abin ya faru, ko a ba ta matsakaicin makinta na sauran tseren. In gurbinta aka ba ta, 3 maimakon 11, ta koma 36. In matsakaici ne na sauran tsere 15, har da ranakun da ba ta zo ba, 102 a raba da 15 ya ba da 6.8, ta koma 39.8. Baba yana da 41. Ta kowace hanya aka bi, ita ce a sama.

Kabiru: Allahu akbar.

Nura: To ashe tun farko ba a kaina ya kamata a yi muhawarar ba.

Malam Habu: Jama'a, wannan laifin nawa ne, kuma ba zan ɓoye ba. Ni ne alƙalin tsere ranar. Na ga filafilin Sadiya yana kaɗawa a bayan alama ta biyu, na ɗauka wani abu ne ya tsinke mata. Hankalina yana kan ƙirga kawuna a ruwa, da na ga kowa ya fito lafiya sai na rubuta lokuta na rufe littafi. Kwamitin tsere da kansa yana da ikon neman a gyara wa jirgi maki, ba sai mai jirgin ya roƙa ba. Da na tambayi direban jirgin ceto tambaya ɗaya da yamman nan, da an gama. Sadiya ki yafe mini.

Matsalar yanzu ita ce lokaci. Neman gyara yana da wa'adi, sa'o'i ne ba makonni ba, ga shi an yi kusan wata ɗaya. Kwamitin ƙorafi yana iya tsawaita wa'adin in akwai dalili mai ƙarfi. Ko namu ya kai, ba ni zan yanke ba.

Baba Ilu: Habu, babu wani dogon zance. Ni ba zan ɗora kofin nan a kan kabad ina kallonsa ba alhali na san yadda aka yi ya zo hannuna. Ina cikin jirage takwas ɗin da suka wuce ta. Na hango jirgi a kife, na ga wani a tsaye kusa da shi, na ce a raina an samu mai kula, na ci gaba. Ranar na zo na huɗu. Da ita ma ta yi irin tunanina fa? A kira kwamiti, a tsawaita wa'adi, a rubuta sunan yarinyar nan.

Injiniya Tukur: Baba, zuciyata tana tare da kai, amma a matsayina na wanda zai iya zama a kwamitin, dole in faɗi ɗaya gefen. In muka buɗe tsere na 13 bayan wata guda, da wane baki za mu hana Kabiru buɗe na 6 da na 9 inda ya ce an ratsa gabansa? Wa'adi an sa shi ne don shaidu suna nan, abin yana sabo a ƙwaƙwalwa. Bambancin da nake gani ɗaya ne: a nan babu wanda yake musun abin da ya faru, kuma kwamitin tsere sai yau ya sani. Wannan zai iya zama dalili. Amma a zauna a yi shi bisa ƙa'ida, kada a yanke a nan cikin zafin zuciya.

Kabiru: Ni na yafe na 6 da na 9, a rubuta. Ba abu ɗaya ba ne.

Anti Bilki: Ita Sadiyar tana ina ne? Tun safe ana maganarta ba ta ce uffan ba.

Sadiya: Ina nan Anti, ina karantawa, na rasa ta inda zan fara ne. Malam Habu babu abin yafewa, ranar kai kaɗai ne da mataimaki ɗaya, jirage 14 a ruwa, iska tana neman ɗauke tutocin. Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Gaskiyar magana ban san ana gyara maki saboda irin wannan ba, yau na fara ji. Amma ko da na sani ban tabbata zan nema ba. Lokacin da na juya ban yi tunanin gurbi ba, fuskar yaron kawai na gani, ya daina kiran kowa ya yi shiru, shirun ne ya tsorata ni.

Ba zan shigar da takarda ba. Kuma akwai abin da ba a lissafa ba. Baba ya bar jirginsa a tudu sau biyu bana ya yi aikin alƙalanci, ɗaya nasa, ɗaya nawa ne, ranar da na roƙe shi ya karɓe ni don ina son in fita. Ranar na zo ta biyu, shi kuma aka ba shi matsakaicin maki. Iskar ranar irin tasa ce, mai ƙarfi, wadda Wayfarer take jin daɗi. Wa ya san abin da zai samu da ya fita? In za a tone lissafi, a tone duka.

Baba Ilu: 'Yata, wancan musaya ce tsakaninmu, da yardata na yi. Wannan kuwa haƙƙi ne da doka ta ba ki. Ba ɗaya ba ne.

Sadiya: Na ji Baba. Amma roƙona ɗaya, kuma ya fi mini kofi. A sa dokar nan a cikin bayanin da ake yi kafin kowane tsere, a faɗa da baki: wanda ya tsaya taimako ba zai yi asarar maki ba. Jirage takwas sun wuce, kuma na san babu mugu a cikinsu. Wasu sun ɗauka aikin jirgin ceto ne, wasu suna tsoron gurbinsu. In kowa ya san za a mayar masa, ba sai ya tsaya auna komai ba.

Nura: Na goyi bayan wannan ɗari bisa ɗari. Kuma Malam Habu, ka sa sunana a jirgin ceto sau biyu baɗi. Bana ban yi aikin kulob ko sau ɗaya ba, kullum in na samu Asabar sai in ce bari in yi tsere. Ranar tsere na 13 jirgin ceto ɗaya ne a ruwa saboda babu direba na biyu.

Malam Habu: Na rubuta. Ga yadda za a yi. Ba za a kai kofi wajen zane ranar Asabar ba. Ni da kaina zan shigar da takardar neman gyara a madadin kwamitin tsere, tunda Sadiya ta ce ba za ta yi ba, kuma doka ta ba mu dama. Mutum uku da ba sa cikin na saman jerin maki za su zauna, don haka Injiniya ban da kai, kana na uku. Su za su fara duba maganar wa'adi. Maganar yawan abin da za a zubar, da shawarar Injiniya ta zagaye, da ta Sadiya, duk za su shiga taron ƙarshen kaka. Nura, ka zo da shawararka a rubuce, wataƙila a raba kakar gida biyu, kowane rabi da nasa kofin, don wanda ya rasa farko ya samu abin nema a ƙarshe.

Injiniya Tukur: Daidai ne, na yarda.

Sadiya: Malam Habu ni dai na faɗi nawa.

Baba Ilu: Kin faɗa, mun ji. Ni ma zan je gaban kwamitin in faɗi abin da na gani ranar.

Anti Bilki: Sadiya, yaron yana nan kusa da ni, na karanta masa. Tun ranar bai yarda ya sake hawa jirgi shi kaɗai ba. Yanzu ya ce in tambaye ki ko za ki koya masa yadda ake tayar da jirgi in ya juye gaba ɗaya.

Sadiya: Ki kawo shi Asabar ƙarfe 9, kafin iska ta tashi. Ya zo da rigar cetonsa da kayan sauyawa. Za mu fara a wuri mara zurfi kusa da gaɓa, ni zan fara kifar da nawa ya gani. Yaya Nura, in kana da sarari ka tsaya mana da jirgin ceto.

Nura: Ina sauka daga aiki ƙarfe 7. Zan zo.